Girgizar ƙasa ta rutsa da ni da yara biyu a hawa na huɗu, don Allah ku ba ni shawara

Maman Yusra, Istanbul

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta hirar da ake yi a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, amma yau abin ya tsaya min a rai. Ni 'yar Kano ce, shekararmu uku a Turkiyya. Maigidana harkar tura kaya yake yi, yana haɗa wa 'yan kasuwarmu suturar da suka saro a kasuwannin Laleli da Merter ya aika musu gida. Muna haya a unguwar Avcilar, a hawa na huɗu na bene mai hawa shida. Yaranmu biyu, Yusra shekararta biyar, ƙaninta ko yaye shi ban yi ba.

Ranar Laraba 23 ga Afrilun 2025 ranar hutun yara ce a ƙasar nan, don haka duk muna gida, baban su kaɗai ya fita. Da ƙarfe 12:49 na rana ina kicin na ɗora miya, sai na ji kamar babbar mota ta daki ginin. Kwanuka suka hau kaɗawa, fitilar falo tana lilo, daɓen da nake tsaye a kai yana tafiya da ni. Daga baya aka ce ƙarfinta maki 6.2 ne, daga ƙarƙashin tekun Marmara daura da Silivri, kuma wai daƙiƙa 13 kacal ta yi. Ban tsaya kashe gas ba. Na suri yaron, na fizgi hannun Yusra, na yi matakala ba takalmi, mayafin ma wata maƙwabciya ce ta yafa min nata a ƙasa. Matakalar ta cika da mutane ana ture juna. A hawa na biyu ƙafata ta goce na zube a kan gwiwa, Allah ya sa ban saki yaron ba, amma har yau idon sawuna bai gama sacewa ba.

Da muka fito na bi ayarin mutane muka gangara bakin teku, saboda can ne fili, babu ginin da zai faɗo mana. Waya ta ƙi shiga, na fi awa guda ban samu maigidana ba. Shi ne da ya iso ya hau ya tarar tukunyar ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gidan. Sai bayan isha'i muka yarda muka koma ciki.

Tun ranar barcina rabi da rabi ne. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Maƙwabta suna ta cewa wannan ba ita ce babbar da ake jira ba. Hajiyarmu ta ce in tattaro jikokinta in dawo gida. Maigidana kuma ya ce ajali ko a Kano yana iske mutum, in daina wahalar da kaina. Ni abin da nake so in sani daga bakin wanda ya taɓa gani shi ne, idan ta sake zuwa, gudu zan yi ko tsayawa? In tsayawa ne, a ina, kuma yaya zan yi da yara biyu da hannu biyu? Sannan gidan nan, ta yaya zan gane ko na zama ne?

Ɗan Samaru, Gaziantep

Wa alaikumus salam Anti. Sannu da wannan tashin hankali, Allah ya ƙara tsarewa, ya ba ƙafa lafiya.

Ina karatu a Gaziantep lokacin da ta 6 ga Fabrairun 2023 ta zo, maki 7.8, da ƙarfe 4:17 na asubar Litinin. Abu na farko da zan gaya miki, a babbar girgiza maganar gudu ma ba ta taso ba. Na yunƙura daga gado sau biyu tana mayar da ni ƙasa. Wuta ta ɗauke, sif ɗin kayana ya kife ya tare rabin ƙofa, gilashi ya tarwatse a daɓe. Ta fi minti guda tana yi. Da a kan matakala ta same ni ban san abin da zai faru ba, don a gine-gine da yawa da na gani daga baya matakala ce ta fara rabuwa da jikin gini. Ko wannan taku ta Afrilu, ai kin ji sanarwar gwamnan Istanbul cewa mutum fiye da 150 sun ji rauni, kuma ba gini ne ya danne su ba, dirowa suka yi daga sama saboda firgita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Turkawan nan kalma uku suke koya wa yaransu, ma'anarsu durƙusa, kare kanka, riƙe. Ki durƙusa nesa da taga da sif, ki sa yaron a ƙirjinki ki rufa a kansa, ki bari ta lafa. In ta lafa ki kashe gas, ki sa takalmi, ki sauka ta matakala a natse, kada ki kusanci lifta.

Kuma in kin fita kada ki koma da wuri. Da ƙarfe 1:24 na ranar nan wata mai maki 7.5 ta sake zuwa daga wajen Elbistan, ta ƙarasa gine-ginen da ta asuba ta tsattsaga, wasu da mutane a ciki sun koma ɗaukar bargo ko kuɗi ko takardu. Ban ga laifinsu ba, don sanyin ranar ba ya misaltuwa, ga dusar ƙanƙara. Ni da silifas da rigar barci na fito, a masallaci muka kwana uku. Shi ya sa jakar nan da ake cewa a ajiye bakin ƙofa ba wasa ba ce. A tawa yanzu akwai ruwa, dabino, tocila, fawabank, bargo mara nauyi, safa, kuɗi a hannu saboda na'urar cire kuɗi ba ta aiki in babu wuta, da kwafin fasfo da katin izinin zama. Ke sai ki ƙara da kayan jariri da maganin da kuke sha.

Usur kuwa kada ki sa shi a jaka, ki ɗaure shi a jikin gado. Na je garin Islahiye tare da wasu ɗalibai muna rabon burodi da ruwa. Lokaci zuwa lokaci masu ceto sukan ɗaga hannu, a kashe injuna, ɗaruruwan mutane su yi tsit, sai mutum ɗaya ya kwantar da kai a kan ɓaraguzai ya yi kira da harshensu, ko akwai mai jin muryata? Wanda ya kwana biyu a ƙasa cikin ƙura ba shi da sauran murya. Wanda ke da abin busawa ko abin ƙwanƙwasa bututu shi ake ji.

Sai dai Anti, gaskiyar da ta fi duk wannan nauyi ita ce ta gini. Mutum fiye da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da na Siriya, kuma akasarinsu suna kan gadonsu ne hawa ya sauko kan hawa. Na ga bene ya zube, na kusa da shi ko tagarsa ba ta fashe ba. Ki nemi takardar inshorar girgizar ƙasa ta gidanku, wadda suke kira DASK, za ta nuna miki zamanin da aka yi ginin. Wanda aka yi kafin 2000 shi ne abin tsoro, don sai bayan girgizar Izmit ta 17 ga Agustan 1999, wadda ta kashe fiye da mutum 17,000, aka tsaurara sa ido a kan kankare da rodi. Unguwarku ta Avcilar ta sha wuya a waccan girgizar duk da nisanta da Izmit, saboda ƙasarta mai laushi ce, tana ƙara wa girgiza ƙarfi. Ki sauka ƙasan benen ki duba ginshiƙai. In akwai shago a hawan ƙasa, ki tambaya ko an taɓa cire ginshiƙi don a faɗaɗa shi, wannan ya rusa gidaje masu yawa. In akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ki duba ko rodi ya yi tsatsa ya fito, ko kankare yana marmashewa a hannu. Sabon fenti da tayil kada su ruɗe ki. Christian Atsu, ɗan ƙwallon Ghana da ke buga wa Hatayspor, a katafaren bene na masu hali yake zaune a Antakya, ginin bai wuce shekara goma ba, a ƙarƙashinsa aka ciro gawarsa ranar 18 ga Fabrairu.

Ni dai a ganina ki kwanta a gefen gado ko gefen kujera mai ƙarfi, ba ƙarƙashin tebur ba, don a irin wannan lungun na ga an ciro masu rai.

Alhaji na Nima, Accra

'Yata, Allah ya kiyaye ku ke da jikokina. Ni ban taɓa ganin babba ba, sai ƙanana da kan motsa mu nan Accra jefi jefi, musamman wajen Weija. Amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ga ta watan Yunin 1939, kuma har ya bar duniya ba ya yarda a ɗora kaya mai nauyi a saman inda yaro ke kwana.

Maganar maigidanki nake so in taɓa. Gaskiya ya faɗa, ajali ba ya jira. To amma shi da kansa in ya tura kayan mutane ai sai ya ɗaure su tamau ya rubuta suna, bai taɓa watsa su a mota ya ce Allah ya kai ba. Wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta kuma ya dogara. Iyali amana ne. Kada ki yi masa maganar cikin kuka ko gardama. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki nuna masa abin da yaron nan na Gaziantep ya rubuta, ki roƙe shi ku sauka ku duba ginshiƙan tare. Ku riƙe azkar na safe da yamma.

'Yar Damagaram, Sendai

'Yar'uwata Maman Yusra, tun da na karanta saƙonki wuri ɗaya ya tsaya min, inda kika ce kun gangara bakin teku kun zauna har dare. Don Allah kada ki sake. Na san dalilinki, kuma a ido ya yi daidai, amma girgizar nan daga ƙarƙashin wannan tekun ta taso.

Shekarata shida a Sendai, a arewa maso gabashin Japan. Ban ga ta 11 ga Maris 2011 ba, amma babu wanda zai zauna a garin nan bai san ta kamar ya gani ba. Maki 9.0 ce, da ƙarfe 2:46 na rana. Gine-ginensu akasari sun jure. Mutum wajen 18,000 da suka rasu ko suka ɓace, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka samu gawarsu ruwa ne ya ci su. Tsunami ba irin igiyar da iska ke kaɗawa ba ce. Ƙasan teku ne ke ɗagawa ko ya nutsa, sai ruwan gaba ɗayansa daga ƙasa har sama ya taso ya kama hanya. A tsakiyar teku mai zurfi gudunsa na kai kilomita 800 a awa, kamar jirgin sama. In ya iso gaɓa sai ya rage gudu ya taru ya yi tudu, ya shigo gari kamar ambaliyar da ba ta da niyyar tsayawa, da motoci da katakai a cikinsa. Wanda ya kai gwiwa ma yana kayar da babban mutum. Yana zuwa sau da yawa, kuma ba lallai na farko ya fi girma ba. Wani lokaci teku kan janye ya bar kifi a fili kafin ya dawo, wani lokaci ba ya ba da wannan alamar ko kaɗan.

Akwai makarantu biyu da kowa ke ba da labarinsu a nan. A garin Kamaishi an shekara ana koya wa yara cewa in ƙasa ta girgiza su nufi tudu, kada su jira kowa. Ranar da abin ya zo 'yan sakandare suka fita da gudu, suka kama hannun 'yan firamaren da ke kusa da su, suka isa wurin da aka tanada, suka ga bai yi musu ba suka ƙara hawa sama. Cikin ɗalibai kusan 3,000 na garin, 'yan kaɗan ne ba su tsira ba. A firamaren Okawa kuwa, a Ishinomaki, an tara yara a filin makaranta ana shawarar inda za a nufa har kusan minti 50, alhali ga tudu nan a bayan makarantar. Yara 74 cikin 108 suka tafi, da malamai 10. Na je wurin sau ɗaya, an bar ginin yadda ruwa ya bar shi. Na tsaya ina kallon tudun nan, tafiyar da ɗan shekara shida zai yi cikin 'yan mintuna, na kasa riƙe hawaye.

Mutanen gaɓar nan suna da kalma, tendenko, wato kowa ya tsere da kansa. Da farko na ji ta kamar rashin imani, uwa ta gudu ba ta nemi ɗanta ba? Sai wata tsohuwa maƙwabciyata ta fahimtar da ni cewa alkawari ne da iyali ke ƙullawa tun ana zaune lafiya. Na san za ka hau tudu, ka san zan hau, don haka babu mai komawa neman wani ruwa ya cinye mu duka. Ke yaranki ƙanana ne, suna hannunki. Amma ke da maigidanki ku yanke wurin haɗuwa tun yanzu, fili mai tudu nesa da teku, don kada ya zo yana nemanki a cikin gini ko a gaɓa. Ku kuma zaɓi mutum ɗaya a Kano da kowannenku zai tura wa gajeren saƙo, don rubutaccen saƙo kan fita a lokacin da kira ya ƙi shiga.

Ba sai ƙasa mai arziki ba. A tsunamin 26 ga Disamban 2004, wanda ya kashe kusan mutum 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da tekun Indiya har Somaliya, tsibirin Simeulue na Indonesiya yana dab da inda girgizar ta tashi, amma mutum 7 kawai ya rasa cikin fiye da 70,000. Tun bala'in 1907 kakanni ke sa wa jikoki labarin smong, wato tsunami a harshensu, a waƙa da tatsuniya: in ƙasa ta girgiza, teku ya janye, a hau dutse.

Marmara ƙaramin teku ne, ba a sa ran irin ruwan Japan a can. To amma tsagar ƙasar da ake tsoron babbar girgiza za ta taso daga gare ta tana kusa da gaɓarku, don haka in ruwa zai zo cikin mintuna zai zo, ba za a samu lokacin jiran sanarwa ba. A Turkiyyar ma an gani, a girgizar Izmir ta 30 ga Oktoban 2020 ruwa ya shiga titunan Sigacik har ya ci wata dattijuwa. In girgiza ta hana ki tsayuwa, ko ta daɗe tana yi, da zarar ta lafa ki yi sama da ƙafa, ba da mota ba.

Ƙanina na Gaziantep, Allah ya saka da alheri, amma a maganar tebur ban bi ka ba. Waɗanda aka ciro a gefen gado su muka gani, waɗanda gadon ya matse ko ya ture ba su ba da labari ba. Babu mai sanin ta inda gini zai karye. Abin da ya fi raunata mutane a gidan da bai rushe ba shi ne abin da ke faɗowa, sif da talabijin da gilashi da tukunyar da ke kan wuta. Tebur mai ƙarfi yana tare waɗannan, in an riƙe ƙafarsa don kada ya gudu ya bar mutum. In a gado ta same ki, ki zauna a nan ki rufe kanku da matashi. A nan ana ɗaure sif da bango. Tukunyar miyarki kuma ta tuna min da girgizar Kanto ta 1 ga Satumban 1923, wadda ta zo dab da sha biyun rana ana girki. Cikin fiye da mutum 100,000 da suka mutu a Tokyo da Yokohama, gobara ce ta ci mafi yawa. Har yau ranar 1 ga Satumba ƙasar nan ke atisaye. Duk da haka ba a son ki nufi murhu ana cikin girgiza, mai ko ruwan zafi zai iya kwaro miki. Ki bari ta tsaya.

Ɗan Samaru, Gaziantep

Na karɓi gyara Yaya. Abin da idona ya gani na faɗa, kuma gaskiya ne wanda bai fita ba ba a ji ta bakinsa ba. Abu ɗaya zan ƙara wa Anti: ki san maƙwabtanki, su san ku nawa ne a gidan da ɗakin da yara ke kwana. A kwana biyun farko kafin masu ceto su kai wasu unguwanni, maƙwabta ne suka yi ta tono da hannu da shebur, kuma inda suka san akwai mutum nan suka fara.

Maman Yusra, Istanbul

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya ta Sendai, da na karanta naki sai da jikina ya yi sanyi, don ranar nan har wasa Yusra ta yi a kan duwatsun bakin ruwa ina kallonta.

Baba Alhaji, na bi shawararka. Bayan ya ci tuwo na miƙa masa wayar, ya karanta bai ce komai ba, da safe shi ya fara cewa in ɗauko tocila. Takardar DASK ta nuna ginin na kafin 2000 ne. A hawan ƙasa akwai shagon kayan ɗaki mai faɗi, kuma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mun ga ginshiƙi biyu da rodinsu ya fito ya yi ja, na sa farce kankaren ya zubo. Mun yi wa mai gidan magana ya ce ginin ya ga 1999 bai faɗi ba. Maigidana ya ce masa wanda ya sha duka sau ɗaya ba shi ne mai ƙarfin shan na biyu ba.

Kafin mu samu wani wurin, ya ɗaure sif da firij da bango, mun janye gadon yara daga jikin taga, jaka tana bakin ƙofa da takalman kowa a ƙarƙashinta. Mun duba filin taruwar unguwarmu a e-Devlet, shafin gwamnati na intanet, muka taka da ƙafa daga gida, minti tara ne da goyo, kuma hawa ake yi ba gangara ba. Yusra ta mayar da abin wasa, in na tafa hannu na ce girgiza sai ta shige ƙarƙashin teburin cin abinci ta rungume ƙafarsa, ni kuma in bi ta da ƙaninta. Matar da ta ba ni mayafi na kai mata dambun nama, na nuna mata ɗakin da yara ke kwana, ita ma ta nuna min na mahaifiyarta da ba ta iya tafiya.

Hajiyarmu har yanzu tana kan bakanta, na ce mata ta ba mu zuwa ƙarshen wata. Ranar Asabar dillali zai kai mu ganin wani gida a Basaksehir, hawa na biyu, nesa da teku. Kuɗin hayar ya fi namu sosai, sai mun rage wasu abubuwa. Na gaya wa dillalin tun a waya cewa kafin in ga kicin, ɗakin ƙarƙashin ƙasa za a fara buɗe min.